Daga Sinkase zuwa Sokode da tsinken tsintsiya a aljihu

Saƙon ya shigo ranar Laraba bayan isha'i, ina cikin rufe shago. Muryar Nura ce a wayar mahaifiyarsa, yana magana da sauri kamar wanda ake jira ya miƙa wayar: "Baba ina wuni. Baba in za ka zo ka sayo mini safar gola. Ba takalmi ba fa Baba, safar gola, ta hannu." Sai na jiyo uwar daga nesa tana cewa, "Kai, haka ake roƙon uba?" Saƙon ya yanke.

Wannan "ba takalmi ba fa" ita ta tsaya mini a rai. Bara da ƙaramar Sallah na kai masa takalmin ƙwallo na jika bakwai, mai kyan gaske, amma na sayo wanda ya fi ƙafarsa da lamba biyu. Lissafin da kowane ɗan kasuwa ya sani ne: yaro girma yake yi, kuɗi kuwa ba a ƙasa ake tsintarsu ba. Aka cusa tsumma a bakin takalmin, ya sa ya fita. Da ya ɗaga ƙafa zai buga ƙwallo, takalmin ya riga ƙwallon tashi. Yaran unguwa suka yi mako guda suna yi masa dariya. Shi bai ce mini komai ba. Uwar ce ta gaya mini bayan wata biyu, kuma har yau takalmin yana ƙarƙashin gado yana jiran ƙafa.

Ni a Sinkase nake neman abinci, kayan babur nake sayarwa. Iyali suna Sokode, unguwar Didawure. A taswira ba wani nisa ba ne, kilomita ɗari uku da 'yan kai, amma mai shago ɗaya da yaro ɗaya ya san abin da ake nufi da rufe ƙofa kwana huɗu. Wata biyar ke nan rabona da gida. Nura shekararsa takwas.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Sinkase gari ne guda da kan iyaka ta raba biyu. Ɓangaren kudu na Togo ne, allon hanya ya rubuta Cinkassé. Ɓangaren arewa na Burkina Faso ne, su kuma Cinkansé suke rubutawa. Gana ma ga ta nan kusa, in ka nufi yamma ka kama hanyar Bawku. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Lome ta ratsa ƙasar tun daga bakin teku, tafiyar kilomita sama da 600, a nan take ƙarewa ta miƙa kayanta ga hanyar Bittou da Tenkodogo zuwa Wagadugu. Shi ya sa ba ka raba garin da jerin manyan motoci masu jiran takardun duwan. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan Nijar da yawa ta nan suke bi, sai ka zauna wurin mai shayi da safe ka ji Hausar Maraɗi da ta Tawa da ta Damagaram a benci ɗaya. Garin ya yi suna wajen babura, har daga ƙasashe maƙwabta ake zuwa saye. Masu canji suna zaune da sefa da sidi da naira. A kasuwa kuwa za ka ji Mosanci da Moba da Busanci da Zabarmanci da Fillanci da Yarbanci da Faransanci, amma sau da yawa da Hausa ciniki ke faɗuwa.

Washegari Alhamis, ranar kasuwa. Na bar yaron shago, na ce minti talatin ya ishe ni. Safa ce fa, ba injin babur ba.

Layin 'yan gwanjo na fara shiga. Kayan nan daga Turai da Amurka suke zuwa cikin dila, su sauka a Lome, a farke su a kasuwar Hedzranawoe, abin da ya rage ya hauro arewa. Akwai wani saurayi da ke baje tarkacen yara a kan tamfol: 'yartsana mai hannu ɗaya, motar roba, jakar makaranta, takalman gudu. Na gaya masa abin da nake nema.

"Maigida, ka zo a sa'a," in ji shi. Ya tona ƙasan tulin ya zaro wata aba ya ɗora mini a hannu.

Ban taɓa riƙe irinta ba. Fata ce zalla, ruwan ƙasa, mai kauri kamar ta sirdin doki, an ɗinke ta da tsirkiyar fata. Yatsunta manya-manya, tsakanin babban yatsa da manuni an saƙa wani abu kamar ƙaramin kwando. A jiki an rubuta Rawlings. Na shinshina, ƙanshin fata na gaske. Duk wanda ya tashi kusa da dukawa ya san aikin kirki in ya gani.

"Ina 'yar uwarta?"

"Ai ita kaɗai ta zo. Amma dubi girmanta, ɗaya ma ta isa ta tare ƙwallo. Kawo jika biyu."

Gaskiya zuciyata ta fara karkata. Na ce wannan ko shekara goma ba za ta yage ba, in Nura ya gama da ita ƙaninsa ya gada. Ina cikin juya ta sai wani matashi da ke zaɓen jaka a gefe ya yi murmushi. Ɗan Wagadugu ne, aikin fitar da kaya yake yi a kan iyaka, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana fita.

"Baba, wa za ka saya wa?"

"Ɗana. Gola ne."

"To wannan ba ta gola ba ce. Ta besbol ce, wasan Amurkawa."

Ya karɓa ya zura hannun hagu, ya nuna mini. Wasa ne da ake jefa wata ƙaramar ƙwallo mai tauri, kamar girman lemu, wani ya make ta da kulki, sauran su bi su cafe. Safar ɗaya ake sawa, a hannun da ba ka jifa da shi, shi ya sa ba ta da 'yar uwa. Kwandon nan shi ne aljihun da ƙwallon ke faɗawa. Ya ce har ita ma ana auna ta da hannun mai ita: ta ƙananan yara ba ta wuce inci 9 zuwa 11, wannan kuwa ta babban mutum ce, yaro ɗan shekara takwas ko rufe ta ba zai iya ba. Ya ce a Wagadugu akwai yaran da ke buga wasan, Japanawa suka koya musu, har wani Sanfo Lassina ya tafi Japan ya buga a can.

"A Sokode fa?" na tambaya.

Ya ɗaga kafaɗa. "Da wa zai buga?"

Na mayar da ita kan tuli. Mai kaya ya sauko jika ɗaya da rabi, ya sauko jika ɗaya. Na ce Allah ya kawo mai rabo. A raina na san saura ƙiris in sake yin abin da na yi bara: in sayi abin da ya burge ni, in kai wa yaro in ce nasa ne.

Daga nan na nufi masu sabbin kaya, wajen da ake rataye rigunan Real Madrid da Barcelona da ƙwallaye cikin raga. A shago na uku na samu. Mai shagon dattijo ne, mun saba haɗuwa a masallacin Juma'a. Bayan mun gaisa ya sauko da ƙwarya-ƙwaryan safar gola kala huɗu cikin leda, lamba 9 da lamba 10.

"Alhaji, ba ƙarama?"

"Ƙanana ba sa tafiya, Malam. Samari ke saye. Ɗauki 9 ɗin nan, ai zai girma ya cika ta."

Maganata ce ta bara, a bakin wani. Na ce a'a, daidai hannunsa nake so.

"To hannun nasa ya kai ina?"

Na buɗe baki, na rufe. Na ɗaga tafina na duba, kamar amsar tana rubuce a ciki. Na san lambar kowane fulogi da kowace sarƙar babur da ke shagona ba tare da na duba littafi ba. Na san farashin taya a Lome da farashinta a Bittou. Amma hannun ɗana, wanda ni na yi masa huɗuba a kunne, ban san inda ya kai ba. Hannun da nake tunawa na ɗan shekara biyar ne, wanda ke riƙe yatsana biyu in za mu Idi.

Alhaji ya lura. Bai ce komai a kai ba, sai ya turo mini kujera. "Kira gida mana. Duk haka muke."

Na kira. Uwargida tela ce, awo ba baƙonta ba ne.

"Maman Nura, yaron nan yana kusa? Ɗauko tef ɗinki ki auna mini hannunsa."

"Hannu kuma? Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Daga kan dogon yatsa zuwa wuyan hannu, sannan faɗin tafin."

Na ji tana ƙwala masa kira, na ji gudunsa, na ji tana cewa "miƙe yatsun, ka daina rawar jiki." Ta dawo ta ce tsawo santimita 14, faɗi shida da rabi. Kafin ta kashe ta ƙara da cewa, "Ka san da me yake tsaron gidan yanzu? Silifa yake zurawa a hannu. Nawa ma ya tsinke mini guda."

Akwai tela a bakin layin. Na ari tef ɗinsa, na zari tsinke biyu daga tsintsiyar Alhaji, na karya ɗaya a 14, ɗaya a shida da rabi. Haka iyayenmu suke yi in za su sayo mana takalman Sallah, a auna ƙafa da kara a tafi da shi kasuwa. Na ɗora tsinken a kan lamba 9, sai ga yatsun safar sun wuce shi da kusan gaɓa biyu. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ka gwada Dapango. Can akwai 'yan makaranta da yawa."

Minti talatin ɗina ya zama yini guda, kuma ban sayi komai ba.

Asabar da sassafe na ɗaure kaya. Daga Sinkase zuwa Dapango, wato Dapaong a rubuce, bai kai kilomita 40 ba, amma kada ka yi lissafin lokaci da kilomita. Tun 2022 yankin Savanes yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren da ke tsallakowa daga arewa, akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, kowa ya riƙe katinsa a kusa. Hunturu ya sauka, hazo ya rufe gonakin da aka girbe, kukoki sun zubar da ganye. Mata suna tafe a gefen titi da zabi a kwando da tumatir a daro, duk Dapango suka nufa.

A bayan babbar kasuwa na sami shagon da aka kwatanta mini, rabinsa littattafan makaranta, rabinsa kayan wasanni. Mai shagon mace ce, ba ta jin Hausa sosai, ni kuma Faransancina na ciniki ne. Na zaro tsinkayena na ɗora a kan tebur. Ta kalle su, ta kalle ni, ta fashe da dariya, ta ce ta gane. Ta fito da lamba 5 da lamba 6, kowace iri biyu.

A nan na koyi abin da nake so in bar wa duk wanda aka yi wa irin wannan saƙo. Safar gola ta yara daga lamba 4 zuwa 7 take, ta manya daga 8 zuwa 11. Amma lambar wani kamfani ba ita ce ta wani ba, saboda haka awon hannu ya fi lamba gaskiya. Ana so a bar ɗan sarari a kan yatsu, kamar faɗin farce, kada ya wuce haka. In ta yi yawa, ƙwallo na zuwa sai kan yatsun ya lanƙwashe, hannu ya juya a ciki, abin da aka saya don kariya ya zama shi ne sanadin targaɗe. Riga in ta yi yawa a naɗe hannu, wando a kai wa tela. Safa da takalmin wasa ba su da wannan gyaran.

Tsinke dai ba hannu ba ne, sai na leƙa waje. Wani yaro mai tallar ruwan leda yana tsaye yana kallon ƙwallayen da aka rataye. Na kira shi, na ɗora tsinken a tafinsa. Kamar an auna da shi.

"Yaya sunanka?"

"Sule."

"Sule, taimake ni ka gwada wannan."

Ya ajiye bokitinsa, ya goge hannu a riga har sau biyu kafin ya taɓa. Lamba 6 ta yi masa yawa kaɗan. Lamba 5 ta zauna ɗas. Ya ɗaure maɗaurin wuyan hannu, ya dunƙule, ya buɗe, ya tafa. Sai na nuna masa mai tsadar, wadda tafinta fari ne sol mai laushi kamar burodi, na ce ita zan ɗauka.

"Baba, a ina zai yi wasan? A ciyawa?"

"A fili dai. Ƙasa."

"To wannan kwana uku za ta yi. Ta masu ciyawa ce. In ya faɗi a kan marmara sau biyu ta goge. Ɗauki mai baƙin tafin nan, ta fi tauri."

Matar ta gyaɗa kai. Ashe farin tafin nan roba ce mai laushi da ke kama ƙwallo sosai, amma ba ta jure tsakuwa. Mai taurin ba ta kai ta kamu ba, sai dai tana daɗewa, kuma ta fi araha. Ga ni ɗan kasuwa mai shekara ashirin a sana'a, mai tallar ruwa ya hana ni asarar jika biyu. Na duba ɗinkin tsakanin yatsu, nan ne ke fara buɗewa. Na ja maɗaurin na ga yana kamawa. A takardar ciki an rubuta Pakistan, ƙasar da garin Sialkot nata ya shahara da ɗinkin ƙwallo da irin waɗannan kaya. Muka daidaita a jika huɗu. Na ƙara da ƙwallo lamba 4, don lamba 5 ta manya ce, ta yi wa wuyan hannun yaro nauyi.

Sule ya ɗan daɗe kafin ya cire safar. Na saye ruwansa duka na raba wa mutanen tasha, na ƙara masa wani abu a kai. Ban san ko na biya shi daidai ba.

Daga Dapango motar ta miƙa kudu. Muka wuce Mango a bakin kogin Oti, garin da cikakken sunansa Sansanne-Mango, kuma kowane Bahaushe ya ji kalmar sansani a ciki. Ta nan ayarin kakanninmu fatake suke bi zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, wani ya bar matarsa da ciki ya dawo ya tarar yaro yana tafiya. Na yi ta tunanin da me suke auna tsarabarsu. Bayan Kante hanya ta fara hawa duwatsun Defale, muka gangara Kara, muka wuce Bafilo da yankin Aledjo, inda tsohuwar hanya ta tsaga dutse biyu. Ledar tana kan cinyata duk tsawon tafiyar, ban yarda an sa ta a but ba.

Ana kiran magariba muka shiga Sokode. Garin Kotokoli ne, garin masallatai, kuma garin ƙwallo. Nan ne gidan ƙungiyar Semassi. Nan aka haifi Mohamed Kader, wanda ya ci wa Togo ƙwallo ɗaya tilo da take da ita a gasar cin kofin duniya, a ragar Koriya ta Kudu a Jamus a 2006, lokacin Kossi Agassa ne a gola. Yaran Didawure ba a haife su ba a lokacin, amma duk sun san labarin.

Nura ya taro ni tun daga bakin lungu. Ya karɓi jaka, ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa na kan ledar. Sai da na yi salla na ci abinci, uwar tana harararsa, sannan na miƙa masa. Ya zura hannun dama, ya zura na hagu, ya ɗaure. Ya dunƙule ya buɗe, kamar yadda Sule ya yi.

"Ta yi?"

"Ta yi, Baba. Daidai." Ya sake dubawa. "Ya aka yi ka sani?"

"Mamanka za ka tambaya."

Da ita ya kwana. Da la'asar washegari na bi shi filin bayan makarantarsu, karo na farko da na taɓa tsayawa kallon wasansa. Duwatsu biyu ne ragar. An ci shi uku, ɗaya ma ta tsakanin ƙafafu. Amma akwai wata da wani ƙaton yaro ya narko daga kusa, ya yi tsalle ya kama ta da hannu biyu, ya faɗi a kan marmara, ya tashi yana waige yana neman inda nake. Na ɗaga masa hannu.

Da dare na gaya masa abin da matar Dapango ta ce: ya wanke ta da ruwa ba omo, ya shanya a inuwa, rana tana busar da robar ta tsattsage. Ya ce to. Uwar ta ce za mu gani.

Ranar Talata na koma. Alhamis da na bi ta layin 'yan gwanjo, safar fatar nan tana nan a kan tamfol, mai ita ya ce in kawo dala ɗari. Na gaishe shi na wuce. Tsinkayen biyu suna cikin walat ɗina tare da katin shaida, ko da yake Maman Nura ta ce kada in dogara da su, kafin babbar Sallah sai an karya sababbi. Na ce mata wannan karon ni zan zo in auna da kaina.